Daga Makarantar Ɗan Hausa Zuwa Ajin Babban Duhu: Tarihin Koyar da Sana'a a Makarantun Gwamnati



A watan Satumba na 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya, ƙarƙashin minista Tunji Alausa, ta fito da sabuwar manhajar makarantu. An rage yawan darussa, an dawo da darasin tarihi, sannan aka ce ɗalibin ƙaramar sakandare zai zaɓi sana'a ɗaya cikin shida: haɗa wutar sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran waya da kwamfuta, ko noman lambu da amfanin gona. Da na ji labarin, wurin da ya fara faɗo mini a rai shi ne Babban Duhu da ke ƙaramar hukumar Safana, da ƙauyukan Batsari da ke bakin dajin Rugu. Duk tsarin da ya yi aiki a can, to zai yi aiki ko'ina. Amma waiwaye adon tafiya. Wannan ba shi ne karon farko da aka yi wa talakan ƙasar Katsina alkawarin makarantar da za ta ba ɗansa abin yi ba, don haka ya kamata mu san yadda na baya suka ƙare.

Kafin zuwan Turawa, karatu da sana'a ba a rabe suke ba. Katsina gari ne na malamai tun zamanin su Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina, hasumiyar Gobarau kuma tana nan tana ba da shaida. A ƙauye yaro yakan yi karatun allo da asuba da dare, da rana kuma yana gona ko maƙera ko bayan shanu tare da ubansa. Malami yakan tafi cin rani da almajiransa bayan an kawar da amfanin gona, ya dawo da su idan damina ta kawo kai. Wannan tsari yana da nasa naƙasun, musamman ga yara mata da kuma yaran da aka tura nesa ba mai kula da su. Sai dai ya san lokacin shuka da na girbi, kuma yaron da ya fito daga cikinsa ya san abin da zai ci da shi.

Makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewa ita ce wadda Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne makarantar tana da ɓangaren sana'a, inda ake koyar da aikin fata da sassaƙa da ƙira da makamantansu, kuma da Hausa ake koyarwa. Manufar Ɗan Hausa ita ce kada boko ya raba yaro da mutanensa. To amma tun daga nan aka yi kuskuren da ya bi mu har yau. An ware ajin 'ya'yan sarakuna daban, na malamai daban, na masu koyon sana'a daban. Kowa da idonsa ya ga wanda ke fita ya zama hakimi ko malamin ofis, ya ga wanda ke fita ya koma bakin maƙera. Talaka ba wawa ba ne. Ya gane cewa alƙalami ne hanyar mulki, guduma kuwa tun a gida yana da ita.

A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922. An kafa ta ne don ta horar da malaman da za su koyar a makarantun larduna. Ta yi wannan aiki, ta ma wuce shi, don a cikinta Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa da Kashim Ibrahim da Isa Kaita suka yi karatu. Daga baya ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Ba mai musun amfaninta. Amma ku lura da wanda ya tsara ta da kuma bukatar da aka tsara ta a kai: gwamnatin mulkin mallaka na neman malamai da ma'aikatan En'e, sai ta gina makarantar da za ta samar mata da su. A wajen 1930 kuma aka sake fasalin makarantun larduna, aka fito da tsarin elemantare da midil, makarantun sana'a suka narke a cikin midil. Daga nan sana'a ta zama ɗan darasi a gefe, karatun littafi ya zama shi ne karatu.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Makarantun nan sun rasa littattafan karantawa da Hausa, shi ya sa a 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya zagaya yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai. Abubakar Imam, wanda a lokacin yake koyarwa a Midil ta Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja, yayansa Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, Tafawa Balewa ya rubuta Shaihu Umar. Wato ƙagaggen labarin Hausa na boko daga bukatar aji ya fito. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bayan samun 'yancin kai sai ƙorafi ya yi yawa cewa makarantar da Turawa suka bari akawu kawai take haifarwa. A 1969 aka yi babban taron manhaja na ƙasa a Legas, wanda ya kai ga manufar ilimi ta ƙasa ta 1977. Kafin ta fito, a watan Satumba na 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. An yi hasashen yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3 sun hallara. A wannan zamani ne makarantar firamare ta isa ƙauyuka masu yawa na ƙasar Katsina, wadda a lokacin take cikin jihar Kaduna. An gina azuzuwa a gaggauce, an horar da malamai a gaggauce, kuɗin mai na shigowa kamar ba za su ƙare ba. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, albashi ya fara makara, rufin da iska ta yaye ya zauna a yaye.

A cikin wannan hali aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982. A takarda babu tsarin da ya kai shi hangen nesa. Shekara uku na ƙaramar sakandare an ware su ne don yaro ya taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki da noma da kasuwanci, domin wanda bai ci gaba ba ya fita da abin yi, wanda ya ci gaba kuma ya san inda ya dosa. Gwamnati ta sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai ta rarraba wa makarantu. Abin da ya biyo baya sananne ne: injuna sun iso makarantun da ba su da wutar lantarki, ba su da ɗakin da za a kafa su, ba su da malamin da ya taɓa ganin irinsu. A makarantar da na yi, wadda ba zan kama sunanta ba, akwai wani ɗaki da kullum yake a kulle. Mukan leƙa ta taga mu hango akwatunan katako jibge, gara ta fara cin gindinsu. Malaminmu, Allah Ya saka masa da alheri, yakan zana zarto da alli a kan allo, mu kwafa a littafi, mu haddace sunayen sassansa da Turanci, mu ci jarrabawa. Na gama makarantar ban taɓa riƙe zarto ba. Abokina da aka cire daga aji biyu aka kai shi wurin kafinta, shi ya yi mini gadon aurena.

An ci gaba da gyare-gyare. A 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya, wadda aka yi domin irin yaran Fulanin da ke kiwo a dajin Rugu. A 1999 aka ƙaddamar da UBE a Sakkwato, dokarta ta fito a 2004, aka ce shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole. Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987, ta sami jami'o'i da kwalejoji, har da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011 a maƙwabtan Safana. Amma tazarar da ke tsakanin ajin ƙauye da ƙofar jami'ar ba ta tafiyar mota ba ce.

Sai kuma masifar da ba a sa ta a kowace manhaja ba. Satar shanu ta rikiɗe ta zama kisa da satar mutane. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A daren 11 ga Disamba na shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe makarantun kwana. A 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Batsari da Safana. Makarantu da dama sun zauna babu kowa, wasu suka zama masaukin 'yan gudun hijira. Ban ce rashin makaranta kaɗai ne ya haifi ɗan bindiga ba, don akwai rikicin burtali da zalunci da fataucin makamai. Amma yawancin masu riƙe da bindigar nan an haife su ne bayan an kafa hukumar ilimin makiyaya, kuma wannan abin tambaya ne.

Idan muka jera 1909 da 1930 da 1982, abu uku ne ke maimaita kansu. Na farko, sana'a ba ta taɓa samun darajar takarda ba, don haka uba da ɗa suka ɗauke ta makomar wanda ya kasa. Na biyu, kullum akan sayo kaya kafin a tanadi malami, alhali maƙeri da tela da bakanike da mai gyaran waya suna nan a kasuwar Batsari, ba wanda ya taɓa gayyatar su aji don ba su da satifiket. Na uku, ba a tambayar masu makarantar. Zangon karatu na uku yana cin karo da shuka da noman farko, zangon farko yana cin karo da girbi, sai a rubuta cewa iyaye ba sa son boko. Ƙasar da ta shahara da rogo da kiwo ta cancanci makarantar da za ta koya wa yaro lissafin buhu da riba, da sarrafa rogo, da allurar dabbobi, da karanta takardar magani, tare da Turanci da kimiyyar da za su kai mai hazaƙa Dutsin-Ma ko Zariya. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

Sana'o'i shida na 2025 sun fi injunan 1982 kusa da rayuwarmu, don sola ba ta jiran wutar gwamnati, waya kuma tana aljihun kowa. Sai dai idan ba a horar da malami ba, ba a tsare hanyar makaranta ba, to yaron Babban Duhu zai zana farantin sola a littafi kamar yadda na zana zarto.

Na ce za mu dawo kan su Abubakar Imam. Bukatar da ta sa aka neme su a 1933 tana nan: ina littafin Hausa mai sauƙi da zai koya wa ɗan shekara 13 haɗa batir da faranti, ko kiwon awaki, cikin labari mai daɗi? Ina wanda ya zauna da malaman UPE na Safana da Batsari ya rubuta abin da suka gani kafin ƙasa ta rufe idonsu? Da yawansu sun haura 70. Ga aikinmu na wannan mako: kowa ya nemi dattijo ɗaya a garinsu, namiji ko mace, ya tambaye shi yadda aka fara kai shi boko, me aka koya masa, me ya amfane shi, me ya tafi a banza. A rubuto shafi ɗaya da kalaman dattijon, kada a yi masa kwaskwarima.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Safana da Batsari da ƙasa baki ɗaya, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.