Ayyukan Hunturu a Ƙasar Batsari da Safana: Tarihin Sana'o'in Hannu a Bakin Dajin Rugu

Gabatarwa

Idan aka kawar da amfanin gona aka zuba a rumbu, wajen watan Nuwamba, sai iskar arewa maso gabas ta fara kaɗawa da hazo da ɗari, ba ta lafawa sai wajen ƙarshen Fabrairu. Wannan shi ne hunturu. Baƙo da ya ga manomi zaune a rana yana saƙar zana, ko tsohuwa a bakin kasko tana kaɗi, yakan zaci suna rage zaman banza ne kafin damina ta dawo. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa ayyukan hunturu su ne rabi na biyu na tattalin arzikin gida a ƙasar Batsari da Safana, kuma tashinsu da faɗuwarsu sun bi abu biyu, watau hanyar shiga daji da halin kasuwa.

Ƙasar da dajinta

Batsari da Safana suna yammacin Jihar Katsina, kan iyaka da Zamfara. Hakimin Batsari shi ke riƙe da sarautar Sarkin Ruma, na Safana kuwa Yariman Katsina. Abin da ya haɗa ƙasashen biyu shi ne Dajin Rugu. Wannan daji yana da nasa tarihin. Bayan da jihadi ya kawar da sarautar Haɓe a Katsina a 1807, zuriyarsu suka kafa Maraɗi, sai yammacin Katsina ya zama fagen yaƙi. Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya yi bayanin tawayen da ya tashi a yankin Ruma a farkon shekarun 1840, zamanin Sarkin Katsina Sidiku, da yadda murƙushe shi ya watsa garuruwa da yawa har daji ya cinye kufansu. Matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya ratsa ta Kurfi da Zakka a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, a lokacin da ayari ba ya shiga wannan daji sai da fargaba.

Bayan zuwan Turawa a 1903 hare-hare suka tsaya, mutane suka rinƙa fita daga garuruwa masu ganuwa suna saran sababbin gonaki. Daga nan ne dajin ya zama rumbun kayan aiki ga mai neman gamba da shuci da kaba da itacen sassaƙa.

Aikin maza

Hunturu ya dace da aikin hannu saboda dalilai uku. Na farko, aikin gona ya ƙare. Na biyu, kayan aiki sun samu, domin kara yana zube a gona, ciyawa ta ƙosa ta bushe, an tsinke auduga, an fafe ƙwarya. Na uku, babu ruwan sama da zai rushe sabon gini.

Saboda haka gyaran gida shi ne aikin farko. Magidanci yakan yanko gamba ya saƙa zana, ya kafa dirkoki ya sabunta shingen da damina ta kayar, ko ya yi darni da karan dawa. Sai ya yanta shuci ya baibaye jinkar ɗaki da ta rumbu. Ɗaga jinka a ɗora bisa ɗaki ya fi ƙarfin mutum guda, don haka ake kiran maƙwabta, kamar yadda ake gayya a gona. Mai halin gini kuwa yakan kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu, a mulmula tubali a shanya. Magina su ɗora katanga kashi-kashi, suna barin kowane ya sha iska kafin a ƙara wani, a shimfiɗa azara, a yi yaɓe, a shafe da makuba da aka samo daga ɓawon ɗorawa don ruwa ya rinƙa zamewa. A wasu ɗakunan akan gina gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, inda ake sa garwashi da dare don tsofaffi su ji ɗumi.

Bayan gyaran gida sai abin kai wa kasuwa. Akwai masu tufkar igiya da rama ko kaba, da masu saƙar tabarma da asabari, da masassaƙa masu yin turmi da taɓarya da akushi da ƙota. Maƙera sukan fara tanadin fartanya da garma tun kafin bazara, gyartai kuma yana bin gida-gida yana ɗinke ƙoren da suka tsage. Galibin waɗannan mutane manoma ne da damina. Sana'ar takan kwanta wata biyar ko shida, sa'an nan ta farka da hunturu.

Aikin mata

A da, a cikin gida babu aikin da ya kai kaɗi muhimmanci. Mace takan gurje auduga ta fitar da angurya, ta shiɓe ta da bakan shiɓa har ta yi laushi, ta yi sutu, sa'an nan ta murza mazari tana shafa alli a yatsu. Zare mai kauri shi ne abawa, kuma shi masaƙa suka fi bukata wajen saƙa gwado da luru, watau mayafan da ake lulluɓa da su a wannan lokaci na ɗari. Ke nan audugar da aka tsinka da kaka tana iya komawa jikin mai ita a matsayin mayafi kafin hunturun ya wuce. Kuɗin zare na mai kaɗi ne, ba na mijinta ba, kuma da shi take zubin adashi, take tara wa 'yarta kayan ɗaki. Da yake bukukuwan aure sun fi yawa bayan kaka, saƙar faifai da daɓen ɗakin amarya su ma sukan faɗo cikin wannan lokaci.

Akwai abin lura a nan ga masu nazarin adabi. Zaman kaɗi da dare a bakin wuta shi ne zauren tatsuniya da kacici-kacici, daɓe da niƙa da daka kuma kowanne yana da waƙoƙinsa. Haka nan karan da almajirai ke ɗebowa shi ke haskaka makarantar allo da dare da asuba. Adabin baka mai yawa ya rayu ne a jikin waɗannan ayyuka.

Sana'a garkuwar rumbu

Amfanin ayyukan hunturu ya fi fitowa fili idan aka dubi haraji. A zamanin En'e akan karɓi haraji da tsabar kuɗi bayan kaka, daidai lokacin da hatsi ya fi araha. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a 1967 ta buga littafinta a 1972, ta nuna yadda talakan manomi kan sayar da hatsinsa da wuri da arha, ya dawo yana saye da tsada da damina, alhali mai hali yana ajiye nasa sai ya yi daraja. Halin ƙauyukan Batsari da Safana bai yi nisa da wannan ba. Wanda yake da zana ko igiya ko gwadon da zai kai kasuwa yana iya biyan haraji da cefane ba tare da ya buɗe rumbu ba. Wanda ba shi da sana'a kuwa sai ya tafi cin rani, ya rage wa gida baki ɗaya. An soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, zamanin Gwamna Balarabe Musa, lokacin Katsina tana cikinta, amma bukatar kuɗi bayan kaka ba ta gushe ba.

Sauye-sauyen ƙarni na ashirin

Kaɗi da saƙa su suka fara jin jiki. Ƙungiyar Turawa mai sayen auduga, wadda aka kafa a Ingila a 1902, ta yaɗa sabon iri da kasuwannin awo, auduga ta rinƙa wucewa injin gurza a Funtuwa maimakon hannun mata. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, yadin kanti ya yi araha, daga baya bargo da gwanjo suka ture gwado. Kwanon tasa da roba suka rage darajar ƙwarya da akushi, tabarmar leda ta shiga gaban ta kaba, kwanon rufi da bulo suka rage aikin jinka da tubali a manyan garuruwa. Sai dai sana'a ba ta mutu gaba ɗaya ba, ta sauya kama ne. Mata da 'yan mata suka koma ɗinkin hula da saƙar kayan sanyi na jarirai da zaren ulu, noman rani a fadamu ya ɗauke wasu mazan. Zana da rumbu da turmi kuwa suka ci gaba, domin kanti bai kawo abin da ya maye gurbinsu a ƙauye ba.

Da daji ya sake rufewa

Abin da kanti bai iya kashewa ba, rashin tsaro ya taɓa shi. Cikin shekarun 2010 satar shanu ta rikiɗe ta zama hare-hare da satar mutane, Dajin Rugu ya zama maɓoyar 'yan bindiga. A Fabrairun 2020, cikin hunturu, aka kai hari ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar na Batsari, aka kashe mutane kimanin 30, aka ƙone gidaje da rumbuna. A 2021 gwamnatin jiha ta kafa dokar da ta hana sayar da dabbobi a wasu kasuwanni, ciki har da na Batsari da Safana, ta kuma hana motoci ɗauko itace daga daji. A irin wannan hali mai yankan gamba ba ya nisa da gari, masassaƙi ba ya samun icen kirki, wanda ya yi gudun hijira zuwa Batsari ko Katsina ba shi da shingen da zai gyara. Yaron da ya tashi a gidan haya bai ga yadda ake yanta shuci ba, balle ya koya.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa sau biyu dajin yammacin Katsina yana rufewa ga talaka, a ƙarni na 19 da kuma a farkon na 21, kuma a tsakaninsu ne ayyukan hunturu suka bunƙasa suka tsare wa gidaje rumbunansu. Akwai aiki a gaban masu nazarin Hausa, domin kalmomi irin su sutu da shiɓa da abawa da yanta suna bakin tsofaffi ne kawai a wurare da yawa. Ya kamata ɗaliban da ke neman batun bincike su tattara sunayen kayan aiki da matakan kowace sana'a da waƙoƙinta daga bakin masu ita, musamman waɗanda hijira ta raba da ƙauyukansu, tun suna da rai.