Bakteriya

bakteriya (sn., mc.)

1. Ƙanƙanuwar halitta mai rai wadda ƙwayar halitta ɗaya ce tak jikinta, ba a ganinta sai da madubin likita. Tana hayayyafa ta hanyar rabewa gida biyu. Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ne ya fara bayyana ta a 1676.

*Siffa:* akwai mulmulalliya, akwai doguwa kamar sanda, akwai murɗaɗɗiya. Yawancinsu suna da bango mai tauri da ke kare su, wasu kuma suna da wutsiyar iyo.

*Ganewa:* ana rina ta da rinin da Hans Christian Gram na Denmak ya ƙirƙiro a 1884. Mai kaurin bango takan riƙe launin shunayya, mai siririn bango kuwa ta koma ruwan hoda. Ana kuma rainonta a ɗakin gwaji don a san maganin da zai kashe ta.

*Dafi:* iri biyu ne. Akwai wanda take fitarwa, kamar na kwalara mai sa hanji zubar da ruwa, da na tsinkau-tsinkau mai sandarar da jiki. Akwai kuma wanda ke cikin bangon masu ruwan hoda, shi ke kawo zazzaɓi da faɗuwar hawan jini.

2. Mai amfani daga cikinta, kamar wadda ke mayar da madara kindirmo.

*Misali:* Likita ya ce bakteriya ce ke kawo tarin fuka, sai a shanye maganin duka.

*Duba:* ƙwayar cuta, bairos.