Daga Kaset Zuwa Memori: Yadda Murya Ke Shiga Gida Ba Sabis

 Uwargida, in wayarki na kusa, ɗauko ta ki duba gefen da ake sa layi. Za ki ga wani ɗan baƙin abu da bai wuce farcen yatsanki ba. Memori ke nan, kuma tarihinsa za mu bi yau.

Ga abin da ya sa. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda ta'asar 'yan bindiga. Batsari da Safana, da suke bakin dajin Rugu, suna ciki. Sai a Disamba aka fara maido da sabis. Ku mutanen Karare ba sai na ba ku labari ba, ku kuka ga abin da idonku: wata uku ba kira, ba saƙo, mai ɗa a birni ba ta san halin da yake ciki ba. Amma ki tuna, ɗakuna ba su yi tsit ba. Karatun Alƙur'ani yana tashi da asuba, waƙa tana tashi wajen daka, yara suna kallon fim da dare. To, ta ina waɗannan suka riƙa shigowa?

Sai mun koma baya, tun kafin waya. Kakanninmu sun san faifan garmaho, amma wannan kayan sarakai da attajirai ne. Rediyo ce ta fara shiga ɗakin talaka, sai dai ita abin da ta ga dama take ba ki, a lokacin da ta ga dama. In shirin ya zo kina tuƙa tuwo, shi ke nan ya wuce ki. Mu ma'aikatanta mun san wannan aibin namu.

A 1963 kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset, aikin wani injiniya mai suna Lou Ottens da abokan aikinsa. Wajen tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur da na Udoji suka shigo hannun mutane, rikoda ta bazu a ƙasar Hausa, har ta zama abin ado a ɗakin amarya. Abin da kaset ya zo da shi sabo shi ne, ke ce da iko. Ki kunna, ki tsayar, ki maimaita, ki ara wa maƙwabciya ta kan katanga. Mace tana cikin kulle, ba ta taɓa zuwa wajen wasan Mamman Shata ba, amma ga Shata a kan kabad. Barmani Choge ta Funtuwa, da ƙwaryarta da amadarta, ta shiga gidajen da ƙafarta ba ta taɓa takawa ba. Haka tafsirin malamai, irin na Sheikh Abubakar Gumi da ake sawa a Rediyon Kaduna: a naɗa a watan azumi, a yi ta saurare har azumi ya zagayo.

Akwai wani amfani da na fi so a tuna, wato kaset na wasiƙa. Maigida ya tafi cirani Legas ko ya daɗe a Makka, ba ya rubutu, matarsa ma ba ta karatun boko. Da, sai an nemo ɗan makaranta ya karanta mata, sirrin gida ya zama na unguwa. Da kaset kuwa, sai ya zauna ya yi maganarsa da bakinsa, ya ba direba ko wani alhaji mai dawowa. Ta ja labule ta ji muryar mijinta, ta juya ɗaya gefen ta ba shi amsa. Ina ƙarama na sha ganin goggona tana haka. Ni ce ma mai naɗe mata zaren da biro in rikoda ta cinye shi. Kada ki raina ɗan abin nan: a Iran, kaset ɗin jawaban Ayatullahi Khumaini da ake shigarwa a ɓoye yana cikin abubuwan da suka kai ga faɗuwar sarkin ƙasar a 1979.

Kaset na bidiyo ya biyo baya, da fim ɗin Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990, daga nan sai faifan sidi. Waɗannan ba su yi wa matar ƙauye wani abin kirki ba, don suna son talabijin da wutar lantarki ko janareto. Gidan kallo kuma na maza ne da yara.

Wayar salula ta iso Nijeriya a 2001, da tsadar da sai wane da wane. Bayan 'yan shekaru wayoyin Sin masu araha suka cika kasuwa, ɗauke da abubuwa biyu. Na farko memori, wanda irin wannan ƙaramin ya fito wajen 2005. Na biyu Bluetooth, fasahar da kamfanin Ericsson na Suwidin ya fara aiki a kanta a 1994, aka raɗa mata laƙabin wani tsohon sarkin Denmak mai suna Harald. Aikinta shi ne waya ta yi magana da waya kai-tsaye, ba ruwanta da dogon ƙarfen sabis, ba ta cin kati. Iyakarta kamar mita 10, wato daga ɗakinki zuwa na abokiyar zamanki. Daga baya manyan wayoyi suka zo da irin su Xender, da ke tura fim sukutum kafin ki gama wanke shinkafa.

Nan sabuwar sana'a ta samu, ta masu turi, waɗanda wasu ke kira 'yan dawunlodin. Saurayi ne da kwamfuta a bakin kasuwa ko tasha. Shi ya sayi data sau ɗaya ya sauko da Izzar So ko Daɗin Kowa, ko littafin soyayya da aka karanta da murya, sannan ya yi ta zuba wa mutane a memori kan 'yan kuɗi kaɗan. Masu shirya fim sun yi kuka, don wannan na cikin abin da ya kashe kasuwar sidi. Wasu kuma ta nan suka yi suna. Mdou Moctar, Buzun Nijar mai kaɗa jita, a Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa na farko a 2008, suka yi ta yawo daga waya zuwa waya cikin hamada, kafin duniya ta san shi. A Kuba ma, inda intanet ta daɗe tana wuya, haka ake zagawa da ƙunshin fina-finai da labarai gida-gida duk mako.

Yanzu ga inda nake so ki ba ni kunnenki. Ke ba kya zuwa wajen mai turi, yaro kike aika. Abin da kika ce a sa daban, abin da aka cika da shi daban. Memori ɗaya ya kan ɗauko wa'azi, ya ɗauko hoton gawarwaki, da bidiyon 'yan bindiga suna baje makamai, da muryar wani da ba a san ko wane ne ba yana rantsuwa za a kawo hari gari kaza. Kuma yaron ne zai fara gani a hanya. Ƙofar da ake shigo da kaya, ta nan ake fita da su: wayar da kika aika caji ko gyara da memori a ciki, hotunanki na ɗaki suna hannun wani. A 2007 bidiyon sirri na wata 'yar fim ya bazu a Kano ta wannan hanyar, daga waya zuwa waya, har aka dakatar da shirya fina-finai na wani lokaci. Namijin da ke ciki ba a cika tuna shi ba, ita aka yi ta jifa. Cire memori kafin waya ta fita gida bai fi ƙiftawar ido ba.

A waccan shekara ta 2021, ba sabis kaɗai aka ɗauke ba, an kuma hana sana'ar cajin waya a ƙananan hukumomi da dama. Nan aka gane memori bai damu da sabis ba, amma ba ya motsi sai da wuta. Gidan da ke da ɗan faifan sola, ko rediyon nan mai ramin memori, shi ya zama majalisar mata.

Kaset ɗin goggona yana nan a ƙasan adakarta, shekara talatin da wani abu, kuma in an samu rikoda muryar marigayi mijinta tana fita, da ɗan shashshaka. Ni kuwa na naɗi kakata tana ba da labarin yadda aka kai ta ɗakin miji a kan doki, na bar shi a memori ɗaya tak. Wata safiya waya ta ce babu komai a ciki. Na kai wa masu gyara uku. Da na tura wa ƙanwata a ranar da na naɗa, minti biyu ne, tana zaune kusa da ni a kan tabarma.