Yaƙin Duniya na Biyu: Yadda shirin Amurka ya ratsa ƙasar Hausa

A ranar 7 ga watan Disamban 1941 ne jiragen yaƙin Japan suka kai farmaki kan sansanin sojojin ruwan Amurka da ke Pearl Harbor, a tsibiran Hawaii, inda suka hallaka mutane fiye da 2,400.

Washegari Amurka ta ƙaddamar da yaƙi a kan Japan, kana a ranar 11 ga watan Jamus da Italiya suka ayyana yaƙi a kanta.

To amma tun kafin wannan hari, ma'aikatan wani kamfanin jiragen sama na Amurka sun riga sun fara aiki a Kano da Maiduguri. Yaƙin da dattawa ke kira Yaƙin Hitila ya haɗa masana'antun Amurka da gonakin arewacin Najeriya, kodayake abin da kowane ɓangare ya samu a ƙarshe ya sha bamban.

Shirin da Amurka ta yi

Tun a 1940 gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta kafa dokar ɗaukar samari aikin soja ala tilas. A watan Maris na 1941 kuma aka zartar da dokar da ta ba ta damar bai wa Birtaniya makamai a matsayin aro.

Da ƙasar ta shiga yaƙin gadan-gadan, sai aka dakatar da ƙera motocin farar hula, masana'antu suka koma ƙera tankoki da jirage. Kafin ƙarshen yaƙin Amurka ta ƙera jiragen sama kimanin dubu 300, yayin da mutane kusan miliyan 16 suka yi aikin soja, fiye da dubu 400 daga cikinsu suka rasa rayukansu.

A cikin gida an ƙayyade sukari da nama da man fetur da tayoyin mota da kowane iyali zai saya. Mata miliyoyi sun shiga masana'antu domin maye gurbin mazan da suka tafi fagen daga, rashin aikin yi da ya addabi ƙasar tun 1929 kuma ya kau.

Hanyar Kano

Ƙera jirgi daban, kai shi inda ake gwabzawa daban. Bayan faɗuwar Faransa da shigar Italiya yaƙin a watan Yunin 1940, bi ta tekun Bahar Rum zuwa Masar ya zama kasada ga Birtaniya.

Sai aka koma kai jiragen cikin akwatuna zuwa Takoradi da ke ƙasar Ghana ta yanzu, a harhaɗa su a can, sannan su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa Chadi da Darfur zuwa Khartoum, daga nan sai Alƙahira. Jirage fiye da dubu biyar ne suka bi wannan hanya tsakanin 1940 da 1943.

Abin da ya sa hanyar ta yiwu shi ne matakin da gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya ɗauka a watan Agustan 1940 na mara wa Janar de Gaulle baya. Nijar kuwa ta ci gaba da zama a hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus har zuwa ƙarshen 1942, abin da ya mayar da iyakar Katsina da Maraɗi iyakar da ake yi wa kallon ta abokan gaba, ya kuma kawo cikas ga fatauci tsakanin 'yan uwan juna.

A 1941 Amurka ta ɗora wa kamfanin Pan American alhakin gyara filaye da tafiyar da zirga-zirga a kan wannan hanya, kafin rundunar sojojinta ta karɓi aikin a ƙarshen 1942. Jiragen na tasowa daga Amurka zuwa Brazil, su tsallaka Tekun Atilantika zuwa Accra, su yada zango a Kano domin shan mai, wasunsu har Indiya da China suka nufa.

Gyaɗa da auduga da kuza

Manomin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa bai da wata hulɗa da waɗannan jirage. Shi ta hannun hakimi da dagaci yaƙin ya iso masa.

A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya da Singapore da tsibiran Indonesiya, inda Birtaniya ke samun kuza da roba da man girki. Nan take gwamnatin mulkin mallaka ta juyo kan Najeriya, aka matsa wa masarautu lamba su ƙara noman gyaɗa, kuma wata hukuma da aka kafa a 1942 ce ke yanka farashinta, ba kasuwa ba.

Kudancin Katsina ƙasar auduga ce, wadda ake gurzawa a Funtuwa, a ɗora a jirgin ƙasa zuwa Zariya har bakin teku. Da yadin da ake shigowa da shi ya yi ƙaranci, masaƙan gida sun riƙa gogayya da kamfanonin Turawa wajen sayen audugar. Gishiri da kananzir su ma sun yi wuya.

Mafi ɗacin labarin shi ne na kuza. Daga 1942 zuwa 1944 an tilasta wa talakawa kimanin dubu 100 daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a tuddan Jos, aikin da aka riƙa kira ɗiban gwamna. Akan yanka wa kowace gunduma adadin mutanen da za ta bayar, su yi watanni a can.

Da yawansu sun tarar da sanyin da ba su saba da shi ba, ga ƙarancin abinci da rashin makwanci na kirki. Cututtuka sun kashe da dama, wasu kuma suka gudu. Ƙarin kuzar da aka samu bai kai abin da aka yi tsammani ba, kuma bayan suka daga majalisar dokokin Birtaniya aka soke tsarin a 1944.

Yaƙin Bama

Rundunar Najeriya ta wancan zamani da Hausa ake ba da umarni a cikinta, kuma daga Arewa take ɗibar yawancin mayaƙanta. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairun 1939 tare da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ita ce ke kai wa jama'a labarin yaƙin, baitulmalin En'e kuma na zuba kuɗi a asusun yaƙi.

Sojojin Najeriya sun fara gwabzawa da Italiya a gabashin Afirka, inda suka shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941. Daga 1943 aka kwashe runduna ta 81, daga baya ta 82, zuwa Indiya domin yaƙar Japan a Bama. Sojojin Afirka ta Yamma kimanin dubu 90 ne suka je can, fiye da rabinsu 'yan Najeriya.

A kwarin Kaladan, inda mota ba ta shiga, 'yan dako cikin kakin soja ne ke ɗaukar kaya a ka, abinci da harsashi kuma daga sama ake jeho musu. A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka ƙwace garin Myohaung.

A Bama ne kuma Amurkawa da 'yan Arewa suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa. A 1944 bataliyoyi uku na Najeriya sun shiga cikin dakarun Chindit na Janar Orde Wingate, waɗanda aka sauke ta jirgin sama a bayan layin Japan, rundunar sama ta Amurka kuma na cikin masu yi musu jigila da kwashe waɗanda suka jikkata.

Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya gaji mahaifinsa Muhammadu Dikko a 1944, ya je har Indiya da Bama ya gana da sojojin.

Bayan yaƙi

Japan ta miƙa wuya a watan Agustan 1945. Tsohon sojan Amurka ya koma gida ya tarar da dokar 1944 da ta biya masa kuɗin karatu, ta kuma sauƙaƙa masa rancen sayen gida, kodayake baƙaƙen fata, waɗanda kusan miliyan ɗaya suka yi aiki a rundunonin da aka ware musu, ba su ci moriyarta daidai da farare ba.

Sojojin Najeriya da yawa sai a 1946 suka samu jirgin dawowa. Malam Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar maraba, amma abin da aka sallame su da shi bai taka kara ya karya ba. Wasu sun samu aikin ɗan doka ko masinja ko tuƙin mota, akasari kuma suka koma gona.

Sunayen wuraren da suka yi yaƙi sun wanzu a barikokin soja: Myohaung da Arakan a Legas, Kalapanzin a Kaduna, sai kuma Chindit a Zariya, garin da ake horar da kurata.