Siginar Santimita 21 da ta Tona Asirin Gungun Taurari

A shekarar 1944, ƙasar Holan tana ƙarƙashin mamayar sojojin Jamus, wani matashi mai suna Hendrik van de Hulst ya warware wata tambaya da masanin taurari Jan Oort ya ɗora masa. Lissafinsa ya nuna cewa iskar haidurojin da ke warwatse tsakanin taurari tana fitar da siginar rediyo mai rauni ƙwarai, tsawon zangonta santimita 21. Darajarta ita ce tana ratsa ƙurar sararin samaniya da ke tare hasken taurari.

Sai a watan Maris na 1951 Harold Ewen da Edward Purcell suka kama ta a Jami'ar Harvard da ke Amurka. Ba a jima ba mutanen Oort suka tabbatar da ita a Kootwijk da ke Holan, da wani farantin rada mai faɗin mita 7.5 da Jamusawa suka bari bayan yaƙi.

Dabarar auna gudun gungun taurari da wannan sigina kuwa ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa jin jiniyar mota: tana tahowa sautin ya yi tsini, tana wucewa ya yi ƙasa. Haka gungun taurari yake idan yana juyawa. Gefen da ke tunkaro mu zangon siginarsa ya gajarce, gefen da ke ja da baya nasa ya tsawaita, daga nan a lissafa saurinsa. A 1957 aka yi wa gungun Andromeda wannan awo da wani faranti mai faɗin mita 25 da ke Dwingeloo a Holan.

Masana sun zaci gudun zai riƙa raguwa can bakin gungun, yadda duniyoyin da suka yi nisa da rana suke tafiya a hankali. Haidurojin ce ta ba da damar dubawa, domin tana miƙewa har ta wuce inda taurari suka ƙare. A 1975 Morton Roberts da Robert Whitehurst suka tarar gudun bakin Andromeda bai ragu ba. A 1978 Albert Bosma na Groningen ya ga haka a gungu 25, Vera Rubin da Kent Ford ma suka gani ta hanyar haske.

Iskar da ke wannan gudu ba ta tarwatse ba, to lallai akwai nauyin da ke riƙe da ita, wanda ya fi na duk taurarin da ido ke gani. Wannan ɓoyayyen abu shi masana suke farauta har gobe.