Yaɓen Bazara da Tsawon Ran Rufin Soro

Idan ana maganar ginin gargajiya a ƙasar Hausa, yabon yakan tsaya ne a kan ƙasa da azara, sai ka ce a jikin kayan aikin sirrin yake. Amma ƙasa dai ƙasa ce, ruwa na cin ta, rana na tsaga ta. Sorayen da suka haura shekara ɗari a Kano da Zariya da Katsina da Damagaram ba ƙarfin birji ne kaɗai ya kai su haka ba. Abin da ya riƙe su shi ne al'adar hawa kansu duk shekara, a ƙarshen rani, kafin hadarin farko ya haɗo daga gabas. Tarihin rufi a ƙasar nan tarihin wannan al'ada ne, kuma ita muka yi asara da kwano ya shigo, fiye da yadda muka yi asarar ginin ƙasar kansa.

Tun daga yadda ake ɗora rufin za a gane an yi shi ne da niyyar a riƙa komawa kansa. Ana tsaga gangar giginya a fitar da azara, itacen da gara ba ta cika yi wa ɓarna ba. Azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar mita biyu, shi ya sa magina suke gicciya ta a kusurwoyin ɗaki don su rage faɗin, ko su ɗaure ta hawa-hawa su tayar da bakan gizo, a yi ɗaurin guga a manyan zauruka. A kanta ake shimfiɗa zana ko asabari, sannan a zuba kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai kauri, a ba ta ɗan gangare zuwa bakin indararo. Wannan kauri shi ke tsare zafi: ranar bazara ta wuni tana dukan soro, zafin bai gama ratsawa ciki ba sai dare ya yi, lokacin da mutanen gida sun riga sun fito da tabarminsu tsakar gida. Sai dai ranar da aka tare ɗin ba ta tafiya haka nan. Wata bakwai ko takwas ba ɗigon ruwa, saman rufin ya bushe ya yi tsaga sirara, ƙurar hunturu ta taru a bakin indararo, tsuntsaye su yar da iri, ciyawa ta jira danshi. Duk tsagar da aka bari a watan Afrilu, ita ce hanyar da ruwan Agusta zai bi ya isa ga azara.

Maganin da aka samo wa wannan ya nuna yadda sana'o'in birni suka dogara da juna. Mai ƙaramin ƙarfi yakan yi amfani da makuba, wato ɓawon 'ya'yan ɗorawa da ake jiƙawa har ruwan ya yi duhu, a kwaɓa ƙasa da shi a shafe rufi da bango. Makuba ba ta daɗewa, bayan damina ɗaya ko biyu sai an sake. Mai hali kuwa laso yake sawa. Ana haɗa shi da katsi, dattin baba da ke kwantawa a gindin karofi, wanda marina ke kwashewa a busar a ƙone. A zuba gashin awaki daga majema don ya hana tsagewa. A kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi. Idan ya bushe yakan yi tauri ya ɗauki shekaru yana korar ruwa. Ke nan rufin attajirin Kano yana rataye ne da karofin Ƙofar Mata da majemar gari, abin da wani ya zubar shi ne kayan aikin wani. Magina kuma suna da Sarkin Magina da ke tsara manyan ayyuka, sana'ar na bin gado, kuma wanda ya gina soro yawanci shi ko ɗansa ake kira idan lokacin yaɓe ya yi. Ya san inda ruwa ke kwanciya a kan wannan rufin, ya san indararon da ya saba toshewa. Hatta zankwayen da muke ɗauka ado ne kawai, nauyinsu na danne kusurwar rawanin gini, wurin da ruwa ya fi saurin ci. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830, ya rayu fiye da ƙarni guda a ƙarƙashin irin wannan kulawa, kafin a kewaye abin da ya saura na tsohon ginin da sabon gini a shekarun 1970.

Wani zai ce ai mutanen da suka bar soro suka koma kwano ba wawaye ba ne, kuma gaskiyarsa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kwano ya fara bayyana a kantunan Turawa da tashoshin jirgi da Sabon Gari. Da kuɗin fetur suka shigo a shekarun 1970, musamman bayan ƙarin albashin Udoji, rufin kwano ya zama shaidar cewa mutum ya samu. Ba burga ce kaɗai ba. Giginya na daɗewa kafin ta isa sara, ta kuma yi ƙaranci kusa da birane. Gandun da ke tara 'yan'uwa a yi aikin gayya ya fara watsewa, ma'aikacin gwamnati da ke Kaduna ba zai baro ofis ya zo kwaɓa ƙasa ba. Kafinta kuwa cikin 'yan kwanaki ya rufe ɗaki mai faɗin da magini zai yi makonni a kai. Duk wannan lissafi ne mai kyau. Kuskuren ya shigo ne ta wani wuri: an sayi kwano da tunanin an rabu da hawa rufi har abada.

Ba a rabu ba. Kwano na buɗewa da zafin rana ya tsuke da sanyin asuba, kullum haka, har ramin ƙusa ya faɗaɗa, ƙusar ta ɗago kai. Ƙura da ganye su taru a kwarin da rufi biyu suka haɗu, su riƙe danshi, tsatsa ta fara daga nan. Katakon da ba a shafa wa magani ba gara ta cinye shi a ɓoye a bayan silin. Sai iskar farkon damina ta zo ta sami rufin da ƙusoshinsa suka saki, ta yaye shi gaba ɗaya ta jefa gidan maƙwabta. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake gani jere a kan rufin unguwanni gyara ne irin na wanda ya makara. Mafi muni shi ne auren dole da aka yi wa ƙasa da siminti: a shafe tsohon soro da filasta a ce an huta, alhali siminti ba ya kama ƙasa. Ya tsage, ruwa ya shiga ta baya ya kasa fita, azara ta ruɓe ba wanda ya gani, tunda fuskar ginin na nan sumul.

Akan kuma kawo hujjar gidajen ƙasar da ke rushewa da damina, a tuna da ruwan Agustan 1988 a Kano, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle, gidaje masu yawa suka zube. Ba a musun cewa rufin ƙasa idan ya sha ruwa nauyinsa na iya kisa, kuma akwai ruwan da ya fi ƙarfin kowane yaɓe. Amma a duba irin gidajen da suka fi faɗuwa a kowace damina: na haya ne da mai su ba ya kwana ciki, da na gado da magada suka kasa daidaitawa kan wanda zai biya magini, da waɗanda aka toshe musu magudanar ruwa har ya kwanta a gindin bango. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa da ƙasar Kano ɗin nan aka gina su, ruwa ɗaya ke dukan su da sauran gari, suna nan tsaye domin akwai hukumar da gyaransu ke wuyanta. Wahalar da masu irin wannan gyara ke fuskanta a yau ma ba ta ƙasa ba ce. Karofi sun ragu ƙwarai, katsi ya yi wuyar samu, kuma maginan da suka san gwargwadon dafarar da laso ke buƙata yawancinsu sun manyanta, 'ya'yansu sun koma aikin bulo.