Waye Matalauci? Waiwaye Kan Katin Asibiti a Ƙasar Ghana

Mai karatu, duk wanda ya zauna a Nima ko Mamobi cikin birnin Akra, ko a Zangon Kumasi, a shekarun 1990, in ka ce masa "kash an kari" ba sai ka yi masa fassara ba. Asalinta kalma ce ta 'yan kasuwa, wato biya ka ɗauka, ba bashi. Amma mutanen Ghana suka laƙaba ta ga asibitocin gwamnati, saboda a wancan zamani sai ka ajiye kuɗi kafin a ba ka magani, ko da kuwa ranga-ranga aka kawo ka. Yadda ƙasar ta faɗa wannan hali, da yadda ta nemi fita, shi nake so mu waiwaya, don akwai tambaya a cikinsa mai nauyi: in an tara kuɗin magani daga aljihun kowa, wa ke da hakkin a yi masa magani da shi?

Bayan samun 'yanci a 1957, gwamnatin Kwame Nkrumah ta mayar da magani kyauta a asibitocinta. Abin bai ɗore ba. A 1969 aka kafa dokar biyan kuɗin asibiti, aka sabunta ta a 1971 zamanin Busia, sai dai kuɗin bai taka kara ya karya ba. Dukan da ya shiga jiki ya zo ne a 1985, bayan gwamnatin Rawlings ta karɓi shirin gyaran tattalin arziki na Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya: aka tsuga kuɗi kan kusan kowane aiki na asibiti. Daga 1992 kuma magani ya koma sai ka biya cikakken farashinsa. A rubuce an yafe wa fakirai, amma ba a ba asibitoci isasshen abin da za su cike gurbin yafiyar ba, don haka ta tsaya a takarda. Mutanen karkara suka ƙaurace wa asibiti, suka koma wajen masu saiwa da masu tallar ƙwayoyi a kasuwa.

Ba daga Akra mafita ta fara ɓullowa ba. A 1992 wani asibitin 'yan Katolika a garin Nkoranza ya fara tara kuɗi kaɗan-kaɗan daga mutanen yankin kowace shekara, wanda duk aka kwantar sai a biya masa daga asusun, kamar dai adashen da mai ciwo ne kaɗai ke kwasa. A zaɓen 2000 John Kufuor ya yi alkawarin kashe "kash an kari", a 2003 kuma majalisa ta zartar da dokar inshorar lafiya ta ƙasa, bayan 'yan adawa sun fice daga zaure, ƙungiyar ƙwadago kuma ta yi ta ƙorafi.

Ƙorafin na ƙwadago kan kuɗi ne. Dokar ta tanadi hanyoyi uku. Na farko, ƙarin haraji na kashi biyu da rabi cikin ɗari kan kayayyakin da ake cire wa harajin VAT. Na biyu, kashi biyu da rabi daga abin da ake tara wa ma'aikata a asusun fansho na SSNIT, kuma a nan ne ma'aikata suka ce an taɓa musu guzurin tsufa. Na uku, kuɗin shekara da manomi da ɗan tireda da mai tuyar ƙosai za su biya da hannunsu, wanda mafi ƙanƙantarsa tsofaffin sidi 72,000 ne, wato sidi 7 da ɗoriya bayan canjin kuɗi na 2007. A riƙe wannan: harajin kayayyaki shi ke kawo kusan kashi 70 cikin ɗari na kuɗin asusun, kuɗin shekara kuwa bai ko kai kashi 5 ba. Ke nan kowa na zubi duk lokacin da ya sayi sabulu ko katin waya, amma ƙofar shiga tana hannun wannan ɗan kuɗin da ba ya tsinana wa asusun abin kirki.

An yafe kuɗin shekara ga tsofaffi masu shekara 70 zuwa sama, da 'yan fansho, da yara 'yan ƙasa da 18, sannan daga 2008 aka ƙara mata masu juna biyu. Yaran ma da farko sai in iyayensu sun yi rajista, wato ɗan da ubansa ya gaza shi ma ya gaza, kafin daga baya a sassauta sharaɗin. Sai kuma rukuni na ƙarshe: matalauta.

To, a nan gizo ke saƙa. Ƙa'idojin da aka fitar a 2004 sun fayyace wanda za a kira matalauci. Dole ya kasance ba shi da aiki ko wata hanyar samu da ake gani. Ba shi da tsayayyen wurin zama. Ba ya zaune tare da wani mai aiki mai muhalli. Kuma babu wani takamaiman mutum da ke tallafa masa a kai a kai. Ba ɗaya daga ciki ake nema ba, duka ake so su taru a kan mutum guda.

Yanzu mai karatu ya ɗauki wannan ma'auni ya shiga zango da shi. Su fa zangunan Ghana a kan saukar baƙo aka gina su tun zamanin fataucin goro, lokacin da ayarin Hausawa ke sauka Salaga. Baƙo ya zo ba shi da kowa, maigida ya ba shi ɗaki ko zaure, ya ci daga tukunyar gida har ya samu abin yi. Gwauruwar da mijinta ya rasu tana ɗakin ƙanin mijin. Makaho yana kwana a shagon wani attajiri. Dattijon da ƙarfinsa ya ƙare amma bai cika 70 ba yana cin sadakar maƙwabta. Duk waɗannan ba su da ko sisi, amma kowannensu yana da inda yake sa haƙarƙarinsa, kuma akwai mai miƙo masa tuwo. A idon doka, ba matalauta ba ne. Haka abin yake a ƙauyukan Dagomba da Frafra na arewacin ƙasar, inda talauci ya fi katutu amma da wuya ka ga wanda dangi suka bari yana kwana a titi. Ma'aunin da aka yi don gano wanda ba shi da kowa sai ya hukunta al'ummar da ba ta yarda ta bar mutum ba kowa. A ganina wannan ba kuskuren alƙalami ba ne. Wanda ya rubuta ƙa'idar tsoron maƙaryata ya fi damunsa, kada mai hali ya shigo da rigar fakiri, sai ya ƙuntata ƙofar har mai gaskiya ya kasa wucewa. Shi kuwa maigidan da ya yi alheri, an bar shi da zaɓi biyu: ya biya wa duk wanda ke ƙarƙashin inuwarsa, ko ya rantse cewa bai san su ba.

Ba za a ƙi faɗin alherin shirin ba. Zuwa asibiti ya ƙaru ƙwarai, haihuwa a hannun ungozomar asibiti ta yawaita, ƙasashe suka riƙa turo wakilai su koyi darasi. Amma a 2011 ƙungiyar Oxfam da wasu ƙawayenta na cikin gida suka fitar da rahoton da ya ce mai yiwuwa masu katin da ke aiki ba su wuce kashi 18 cikin ɗari ba. Hukumar inshora ta yi fatali da rahoton, sai dai da ta sake lissafi, ta ware katunan da wa'adinsu ya ƙare, nata adadin na 2010 ya tsaya wajen kashi 34. Ko wanne ka ɗauka, a wancan lokacin mafi yawan masu zubi ba sa kwasa, kuma masu hali sun fi talakawa riƙe kati. Dokar 2012 ta haɗe asusun gundumomi wuri guda, ta miƙa tantance matalauta ga ma'aikatar jin daɗin jama'a, aka kuma riƙa yi wa masu karɓar tallafin gwamnati na LEAP rajista kyauta. An samu sauƙi, bayan kusan shekara goma.

Wani abin yabo da ba a cika ambata ba: katin na duk mazaunin Ghana ne, ba sai ɗan ƙasa ba. Ga mutanen zango, waɗanda ba su manta korar baƙi ta 1969 ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma shi ma ya zo da nasa ƙulli, domin a 2014 Kotun Ƙoli ta ce katin ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ne wajen rajistar zaɓe, a 2016 kuma aka goge sunaye sama da 56,000 na waɗanda suka yi rajista da shi.

Sai batun amana. An karɓi harajin nan da sunan marasa lafiya, amma a 2017 majalisa ta kafa dokar da ta yi wa irin waɗannan asusu iyaka, abin da ya haura iyakar sai baitulmali ta juya shi zuwa wasu ayyuka. Tun kafin nan ma biyan asibitoci kan makara wata da watanni, har asibitocin mishan suka taɓa dakatar da karɓar kati. Asibitin da ba a biya ba ba ya iya sayo magani, sai a duba mai kati a rubuta masa takarda ya je kemis ya saya. "Kash an kari" ya dawo ta taga, ba tare da an soke hakkin kowa a doka ba. Wannan ya fi kora a fili muni, don wanda aka kora ya san matsayinsa, shi kuwa wannan ya biya haraji, ya sabunta kati, ya kuma biya magani.

A kasafin 2025 gwamnatin John Mahama ta cire wa harajin lafiya wannan iyaka. A shekarar ce kuma aka kafa sabon asusu na masu cututtuka masu cin kuɗi, irin su ciwon ƙoda da kansa, waɗanda tsarin farko ya bar mafi yawansu a waje, aka ce a riƙa ba shi kashi 20 cikin ɗari na kuɗin inshorar. Nan take gardama ta tashi a majalisa: masu goyon baya suka ce mai wankin ƙoda shi ma ya yi zubi, masu suka kuma suka ce daga tukunyar da ake yi wa yaron ƙauye maganin zazzaɓin cizon sauro za a ɗebo kuɗin.